Kwana Uku Hajiya Ba Ta Ci Ba

Na ci abinci a ƙasashe da yawa, kuma ban taɓa amincewa da mai abincin da ke tsayawa a bakin ƙofa yana kiran mutane ba. A Wurno mai tuwo mai daɗi tana zaune kan kujerarta, mu ne muke jiranta. A Turkiyya kuwa, a wani gari na bakin teku, kowace ƙofa da mutum yana murmushi yana miƙo takardar abinci.

Surukinmu, mijin 'yarmu, shi ne ya kai mu can hutu, ni da Hajiya matata. 'Yarmu aiki ya riƙe ta a Santanbul, sai Juma'a za ta iso. Yaron kirki ne, ba ya barin mu ko minti ɗaya. Shi ke zaɓen wuri, ya ja wa Hajiya kujera, ya zauna daura da ita yana cewa, "Mama, ɗanɗana wannan."

Ranar farko aka kawo gasasshen nama da gurasa. Hajiya ta dube shi, ta ɗauke kai, ta sha ruwa. Na ce a raina ta ga abin da ban gani ba, don 'yar Goronyo ce, daga ƙofar gida takan gane miyar da aka sa wa ruɓaɓɓiyar albasa. Na kira mai hidimar na tambaye shi wanda ya yanka ragon. Na gwada Larabci, na gwada Faransanci, na koma Turanci. Ya dafa ƙirji ya ce halal. Saurin amsar bai yi mini ba. A Dakar an taɓa dafa mini ƙirji haka, daga baya na ga kwalaben giya a bayan kantar shagon.

Kashegari na ce a koma kifi. Ta ƙi. Shinkafa ma ta ƙi. Na shiga har madafar mutane ina shinshina mai, surukina na biye da ni yana ba su haƙuri. Shayin da suka kawo kyauta na mayar, don ban ga dalilin kyautar ba.

Abin da ya tsorata ni shi ne tana da ciwon suga, kuma maganinta ba ya son yunwa. Ɗan biskit na masauki kawai take taunawa. Rana ta uku da azahar, muna zaune a wani gidan abinci, na ga gumi yana tsattsafo mata a goshi. Surukina ya tashi da sauri ya tafi nemo mota mu je asibiti.

Yana ba da baya, ta jawo kwanon miyar wake ta tsoma gurasa. Ta ci. Ta sake tsomawa.

Na ce, "Hajiya, mi ya canza? Miyar ga ita ce kika ƙi ɗazu."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, mijin ɗiyata na zaune yana kallon bakina. Gabanai za ni tauna?"

Sai na tuna. Mahaifiyata har ta rasu mijin ƙanwata bai taɓa ganin ta tana shan ko fura ba. Na san wannan tun ina yaro, amma kwana uku ina tuhumar masu dafuwa.

Da ya dawo na tare shi a waje na ce a sallami motar. Na faɗa masa daga yau zai zauna a wani teburi, bayan ginshiƙi. Ya zaci laifi ya yi, sai da na rantse masa. Muka tsaya nan a rana muna kallon jiragen ruwa, har Hajiya ta aiko mai hidimar ya ce tana son ƙarin gurasa da naman shekaranjiya.