Hoton Inna a Gidan Zu

Shekara uku da rasuwar Baba na wayi gari na kasa tuno fuskarsa sosai. Muryarsa na nan a kunnena, da tarinsa na asuba, har yadda yake saɓa fartanya in zai tafi gona. Amma fuskar, in na rufe ido sai in ga hula da gemu kawai. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, a ƙauyenmu Gafasa wa zai ɗauke shi? Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, na yi wa kaina alkawari ba za a maimaita haka a kan Inna ba.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Gaya, ba a daɗe da canza kuɗi zuwa naira ba. Na matse bakin aljihu wata da watanni, na sayi wata 'yar baƙar kyamara a hannun wani malamin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki. Abu uku ya koya mini: ka sa rana a bayanka, ka riƙe numfashi in za ka danna, kuma kada ka kuskura ka buɗe bayanta sai fim ya ƙare. Fim ɗin hoto goma sha biyu yake ɗauka, akwai wata 'yar jar taga a baya da ke nuna maka na nawa kake kai.

Ni ne ɗan farin Inna, wanda ya san gidajenmu kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, can na girma. In na zo gaishe ta na durƙusa a bakin ƙofa, sai ta amsa tana kallon waken da take tsinta. In tana da magana da ni, wanda ke kusa take gaya wa: "Ku ce masa ruwan wanka ya yi zafi," alhali ga ni nan a tsaye. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a garinmu. Wallahi ko kusa ban kawo a raina cewa abin zai shafi hoto ba. Tsorona ɗaya, kada ta ce hoto haramun ne, har na tanadi amsoshin da zan aika mata ta bakin autarmu.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Fagge, ta daɗe tana aiko da saƙo a kawo mata Inna ta ga birni. A wannan shekarar Inna ta yarda. Kashegarin ƙaramar Sallah muka kama hanya mu uku: ni da ita da autarmu, yarinya 'yar shekara goma sha biyar mai bakin tsiya. Ga buhun gyaɗa, ga ƙullin kuka da daddawa, ga man shanu a kwalba, ga zabi biyu an ɗaure musu ƙafa suna ta yi mana ihu tun daga Ajingi.

A tashar Gaya muna jiran mota ta cika na ga haske ya yi kyau. Inna na zaune kan buhun gyaɗa cikin sabuwar atamfarta, tana yi wa auta dariya. Na lallaɓa na ɗaga kyamara. Kafin in danna ta juya ta duƙa tana gyara ɗaurin zabi, ɗan yatsana kuwa ya riga ya tafi. Na ce ba komai, saura goma sha ɗaya.

Muna isa Fagge Gwaggo ta tare mu da guɗa. "Lale da amaryarmu! Yau ƙauye ya zo birni!" Haka take kiran Inna, amaryarmu, ko da yake furfura ta cika kan su biyun. Tana hango abin da na rataya a wuya ta saki Inna ta yo kaina.

"Malam na boko, mene ne wannan? Abin hoto? To da ni za a fara, ni ce mai gida."

Ta shige ɗaki ta sake kaya. Na ɗauke ta ɗaya. Ta ce ta ƙifta ido, a sake. Na sake. Mijinta ya fito da rediyonsa, ya sa aka kawo kujera, ya ɗora rediyon a cinya ya haɗe rai kamar mai shari'a. Surukin gida ne kuma dattijo, ina ni ina ce masa a'a? Ina dannawa ina jin abin har cikin haƙorina.

Sai na ce kowa ya taru a tsakar gida a yi na iyali, dabarata ke nan ta samun Inna a tsakiya. Ta zo kuwa, ba musu, ta zauna kan tabarma. Na ja da baya, na sa rana a bayana, na leƙa. Ina ɗora ido a kan gilashin ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Na ce, "Kowa ya ɗago!" Kowa ya ɗago ban da ita. Na danna a kan ko za ta ɗago a daidai lokacin, ina! Na murɗa fim zan sake, yaran maƙwabta suka ji labari suka ɓarko gidan da kayan Sallarsu, suka cika gaba fal. Wanda na ɗauka a cikin wannan hayaniyar ko mayafinta ban tabbata ya fito ba. Kafin la'asar hotuna shida sun tafi.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ka ba wani ya ɗauka mana."

Na ce, "Gwaggo, wannan ba abin wasa ba ne. Sai wanda ya koya."

Ta taɓe baki ta ce, "To, masu koyo."

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, da yamma na wuce ta ƙofar ɗakin Gwaggo na hango Inna tsaye gaban hotunan da aka jera a bango. Ɗaya bayan ɗaya take bin su, tana tambayar wane ne wannan, har na ji ta ce, "Kai, wannan ya fito da kyau, kamar ya yi magana." Ashe ba ta da wata rigima da hoto. Duk amsoshin da na sha wahalar tanada ba su da ranar amfani, na tsaya a soro ina ta tsaki ni kaɗai.

Washegari muka fita yawon Sallah, Gwaggo ce ja-gaba. Birni ya cika ya batse, ko'ina ƙamshin turare da sabon ɗinki, motoci na ta oda. A bakin babban masallaci na ce su tsaya. Suka tsaya. Ina ɗaga kyamara Inna ta ga ya dace ta juya ta ƙare wa hasumiya kallo. Bakwai. Auta kuma ta hango wata doguwar mota a fake, ta kafe sai an ɗauke ta ta dafa ƙofar, wai ta nuna wa ƙawayenta a Gafasa.

"Motar ubanki ce?" na ce mata.

"Haba Yaya, ɗaya fa! Kai da ka ɗauki zabi a tasha."

Na ɗauke ta don ta rufe mini baki. Takwas.

Daga nan muka shiga bas zuwa gidan zu, wanda ba a daɗe da buɗewa ba, duk mai ƙafa a Kano ranar can ya nufa. Sai da muka yi layi rana na dukanmu kafin mu shiga. A nan na canza dabara, na ce tunda ba za ta tsaya mini ba, sai in sace ta. Na bar su suka yi gaba. A wurin giwa Inna ta saki baki tana salati, ta kama hannun auta, fuskar nan a buɗe tana ta murmushi. Na zagaya ta gefe a guje, na danna, daidai lokacin da wani mai tallan rake ya gifta da farantinsa a ka. Na bi su wurin birai na sake gwadawa, wani ƙato ya bangaje mini gwiwar hannu, ko waiwayowa bai yi ba. A wurin kada na samu sarari sosai, ba kowa tsakanina da ita. Ban san yadda take yi ba, ko a jikinta take ji, ina saita ta kanta ya yi ƙasa. Na duba jar tagar nan, na ga goma sha biyu.

Na cika na yi fam. Gumi ya jiƙa mini sabuwar riga, takalmi ya ci mini dunduniya, gobe da sassafe kuma za mu koma. Inna ba mai fita ba ce, a gida kuwa ko kusa da ɗakinta ba zan iya zuwa da kyamara ba. Suka samu inuwar wata bishiya kusa da kejin jimina suka zauna shan ruwa. Na zo na tsaya ƙiƙam a gabanta, na ɗaga kyamara. Ta ja mayafi.

Zuciya ta ɗebe ni. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba: "Inna, don girman Allah ki ɗago ki dube ni! Sau ɗaya dai a duniya!"

Wasu mata da ke zaune a gefe suka bar cin gyaɗarsu suka zuba mana ido. Auta ta toshe baki da hannu. Tunda nake ban taɓa yi wa Inna magana kai tsaye haka ba, balle da tsawa, balle a bainar jama'a. Ita kuwa ba ta motsa ba. Can ta ɗan karkata wajen auta ta ce a hankali, "Ki ce masa mutane na kallo."

Gwaggo ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. "Kai, ɗan nan, kanka ɗaya kuwa? Karatun naka iyakarsa ke nan? Ɗan fari ne kai ko ka manta? A tsakiyar kasuwa kake so ta zuba maka ido?"

Na ce, "Ai ba ni za ta kalla ba, kyamara za ta kalla."

"To uban wa ke bayan kyamarar? Tun jiya nake ce maka ka ba wani, ka ƙi, wai sai wanda ya koya. Kawo nan!"

Ta fizge ta daga wuyana, igiyar har ta tuɓe mini hula. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai. Tun jiya da na miƙa wa auta da tuni an gama. Ni ne ban so ba. So nake a ce ni na ɗauka, kuma ni ta kalla. Na tsinci hulata, na yi tafiyata wajen kejin jimina, na juya musu baya na riƙe waya. Ina ji Gwaggo na tambayar auta, "Ina ake latsawa? Nan? Ta wace kafa ake leƙawa?" Sai na ji ƙarar dannawa, ƙyas. Na ce a raina shi ke nan, ta ɗauki sama ko ƙafafunta, na ƙarshen ma ya tafi a banza.

Har muka koma Fagge ina tafe ni kaɗai, nesa da su. A mota washegari ma haka, Inna na can baya wajen mata, ni ina gaba ina kallon hanya har muka haye gadar Wudil. Da muka isa gida na kira auta gefe na ce ta ba Inna haƙuri. Ta shiga ta fito ta ce, "Ta ce a ce maka tuwo na nan a rufe."

Na ba wani direban Gaya fim ɗin ya kai wanki Kano. Sai bayan sati biyu ya kawo mini ambulan a makaranta, na buɗe a ofis lokacin hutun ƙarfe tara. Ga bayan Inna da zabi. Ga Gwaggo sau biyu, duka biyun idonta a buɗe tar. Ga mijinta da rediyo, ya fito fes kamar a jarida. Ga yaran mutane da ban san ko ɗaya ba. Ga auta da motar wani. Ga farantin rake. Na wurin birai dishi-dishi ya fito, ba a gane komai. Uku kuwa mayafi ne kawai da ƙeya. Na yi tsaki har malamin da ke kusa da ni ya tambaya ko lafiya.

Na goma sha biyun a karkace yake. Yatsan Gwaggo ya rufe kusurwa ɗaya, an yanke auta rabi. Amma Inna ta fito. Mayafin ya zame zuwa kafaɗa, ga goshinta, ga tsagen kumatunta, ga 'yar furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, komai ras. Sai dai ba kyamarar take kallo ba. Ta juya gefen hagu, ta ɗan miƙa wuya, ta kafe wani abu da ido, bakinta a ɗan buɗe kamar mai shirin kiran wani. Na daɗe ina tunanin me ke gefen hagu a wurin nan. Kejin jimina ne, inda na tsaya.

Na aika wa kowa nasa, wannan na riƙe. Inna ta ƙara shekara shida a duniya. Ban sake ɗaga mata kyamara ba, ita kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa yi mini irin wannan kallon ina gani ba. Har yau in na ɗauko hoton haushin kaina nake ji. Taku goma ne tsakanina da ita, da waiwayowa kawai na yi da na gani da idona, amma ina can na juya baya ina hararar jimina.