Haƙora Arba'in da Ɗaya

Ranar wata Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, cikin bazarar 1976. Ina zaune a dakalin ƙofar gidanmu ina ɓarar gyaɗar iri, sai na ji ihun yara daga hanyar Bugaje. Ina ɗaga kai na hango ƙarti wajen shida sun yi sharkaf da gumi suna turo wata jar mota, gajeriya, mai kujera biyu kacal, cikinta saura kaɗan ya shafi ƙasa, sai ƙauri take yi kamar an manta tuwo a wuta. Mai ita na biye a baya cikin babbar riga yana fifita da hularsa. Shekarata goma a lokacin, kuma ban taɓa ganin abu mai kyan wannan motar ba. Suka turo ta har rumfar mahaifina, wadda ke jingine da katangar gidanmu.

Baba bakanike ne, Malam Idi ake ce masa. A shekarun nan kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, kowa ya haukace. Wanda jiya yake kan jaki yau ya hau babur, kuma ba abin da ba ya ƙetara iyaka, daga fetur har atamfa. A garin da kowa ke da abin ɓoyewa, Baba abu ɗaya ya mallaka, shi ne sunansa. Direba zai ajiye masa babbar mota da kayanta da makullinta, ya wuce Maraɗi ya yi mako guda hankalinsa kwance. Ko tsohon noti Baba ya cire, sai ya ƙulle shi a tsumma ya miƙa wa mai mota. Mu yaran gidan, da za mu tsinci ƙarfe a rumfar mu yi wasan 'yar carafke da shi, da mun sha bulala. Da duwatsun bakin gulbi muke yi, waɗanda muke tsintowa idan mun je tonon ruwa a cikin yashi da safe kafin makaranta.

Mai jar motar kuwa Alhaji Sabo ne, ɗan Bugaje, wanda ya samu kwangilar gina kwalbatoci ya yi kuɗi cikin shekara biyu. Kafin nan lebura ne a tasha, ya sha furar Inna ba sau ɗaya ba, kuma Baba yake ce wa mahaifina. Ranar nan da ya zo, "kai bakanike" na ji ya ce. Damuwarsa ita ce motar ta ƙi kai shi garinsu. A kwalta tsuntsuwa ce, amma da ta shiga rairayi sai ta yi ta kuka tana ƙona kuloci. Shi kuma ya rantse da ita zai shiga Bugaje ranar Sallah.

Baba ya ɗaga bayan motar da jak, ya ɗiga alli a taya, ya ɗiga a jikin farfela, wato dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya. Ya juya tayoyin zagaye ɗaya yana ƙirgawa, farfela ta juya sau uku da ɗan ɗoriya. Sannan ya nuna wa Alhaji wata tukunyar ƙarfe da ke tsakanin tayoyin biyu. A cikinta akwai ƙarfe biyu masu haƙora, babba kamar faifai da ƙarami mai juya shi, kuma yawan haƙoransu ne ke raba wa mota ƙarfin ja da gudu. Ina dakali, taku biyar tsakanina da su, na ji komai da kunnena.

"Alhaji, motag ga don kwalta anka yi ta," in ji Baba. "In na sake mata haƙora za ta ja cikin rairayi, amma gudunta bisa kwalta zai ragu. Kuma allurar gudu za ta riƙa yi maka ƙarya, ta nuna ka fi abin da kake yi."

"Kai dai yi aikinka," in ji Alhaji Sabo, idonsa na kan agogon hannunsa. "Ni Bugaje nike so."

Shi ke nan fa yarjejeniyar. Ba takarda, ba a kira ko mutum ɗaya ya tsaya shaida ba. A wurin Baba, ka ce wa mutum a kira shaida daidai yake da ka ce masa ba ka yarda da shi ba, kuma ba zai yi wa yaron da ya ci abinci a gidansa haka ba. Wannan kunyar tasa ita ta cuce mu.

Sau biyu ya je Maraɗi kafin ya samo haƙoran da suka dace, a jikin wata motar kamfani ɗaya da ta yi hatsari. Na ainihin motar, babban talatin da bakwai ne, ƙaramin sha ɗaya. Sababbin kuwa arba'in da ɗaya da goma. Kwana tara ya yi a ƙarƙashin motar nan. Ya roƙi bular wankin Inna ya kwaɓa da baƙin mai, ya shafa wa haƙoran, ya juya, ya duba inda suka ciji juna. In bai gamsu ba sai ya kwance, ya yanko siririn gwangwanin madara ya saƙala, ya sake ɗaurawa. Inna tana ta mita an ƙarar mata da bula, fararen kayan makarantarmu suka koma ruwan ƙasa. Ranar da ya gama, farfela ta juya sau huɗu da 'yan kai, kuma tukunyar ba ta ko tari. Ya wanke tsofaffin haƙoran da kananzir, ya naɗe su a buhu ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya ja da baya yana kare rigarsa, ya ce za su ɓata masa shimfiɗar mota, a ajiye masa. Wannan ma ina wurin, ina tsince wake. Baba ya kai su ƙarƙashin gadon Inna, don nan ne wurin da ya fi tsaro a gidan.

Motar ta shiga Bugaje ranar Sallah, 'yan mata na guɗa. Mako uku Alhaji yana yawo yana faɗin allurarsa na kaiwa ƙarshe tun bai bar gari ba. Sai wata rana a hanyar Katsina, ya taka totur har ƙasa, allura ta kwanta, wata tsohuwar tasi cike da fasinja da buhunan albasa a samanta ta zo ta wuce shi, direban har da ɗaga masa hannu. Kafin la'asar labari ya cika tasha.

Washegari da hantsi ya iso rumfarmu da dattawan tasha uku da tarin 'yan kallo. Ya ce Baba ya sace wa motarsa kayan ciki na Turai ya sayar a Nijar, ya zuba masa ruɓaɓɓu. Ɓarawo ya ce, da babbar murya, sau uku. Baba bai ɗaga murya ba, ya shiga gida ya fito da buhun, ya warware a gabansu, haƙoran na ƙyalli. Na ce a raina magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara.

"Kun gani ko!" in ji Alhaji. "Ƙarƙashin gadon matarshi! Mai saye yake jira daga Maraɗi."

Dattawan suka shiga gyaɗa kai. Mutanen da suka san Baba shekara ashirin, amma da yake ɗayan yana da kwangila ɗayan kuma hannunsa duk giris, ba wanda ya tsaya tambayar wane ɓarawo ne zai wanke kayan sata ya fito da su da kansa. Suka tambayi Baba ko yana da shaidar cewa ya yi wa Alhaji bayani. Ban san lokacin da na diro daga dakali ba.

"Ni na ji! Wallahi ni na ji, Baba ya faɗa mishi, kuma Alhaji ne ya ce a ajiye!"

Wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗiyar wa ce wagga marar kunya?" Aka yi dariya. Na juya wurin Baba ina jiran ya ce a saurare ni. Ya ce, "Hadiza, shige gida." Na shige ina kuka, na kwana biyu ban gaishe shi ba. Daga baya ya ce mini ba zai tsayar da ɗiyarsa tana rantsuwa a gaban 'yan tasha ba, ko da sunansa zai tafi. Na fahimce shi yanzu, amma ban huce ba.

Dattawa suka yanke cewa ya mayar da tsofaffin haƙoran, a bar maganar. Ya mayar, da irin kulawar da ya yi wa na farko, har da bular Inna. Ba a yi wata guda ba motar ta kafe a yashin gulbi, sai da wani manomi daga Mazanya ya kawo shanun noma suka jawo ta. Gari ya yi dariya, ni ma na yi har da tsalle. Sai dai dariyar ba ta wanke kowa ba. A makaranta aka sa mini suna ɗiyar ɓarawon haƙora, na fasa wa wata yarinya leɓe a filin gaɗa, aka zane ni a gaban asambuli. Direbobi ba su daina zuwa ba, don ba wanda ya kai Baba iya aiki, amma yanzu sai su jawo benci su zauna, idonsu a kan hannunsa har ya gama. Wanda a da yake barin makulli ya tafi Maraɗi, shi ne na gani yana ƙirga notocin tayarsa. Baba ya gani shi ma. Damina biyu ya jure, sannan ya rufe rumfar ya koma noman gero a Farfaru, bai ƙara riƙe sifana ba har ya rasu. Alhaji Sabo ya zo gaisuwar, ya yi addu'a mai tsawo, bai ce komai ba game da motar.

Yanzu in na kai tawa motar gareji, yaro ne zai jona mata na'ura, ya rubuto mini takarda, ni ma in ɗauki hoton komai da waya kafin in tafi. Ba wanda ke jin an zage shi, kuma da haka ake yi a 1976 da Baba ya tsira. Amma ina kewar mutumin da yake jin nauyin ya nemi shaida a kan ɗan'uwansa. Babban faifan nan mai haƙora arba'in da ɗaya, Inna ta mayar da shi mazaunin randa, yanzu yana ɗakina, jikokina na koyon ƙirga da shi. Duk waɗanda suka tsaya a rumfar nan sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai. An tambaya ko akwai shaida, kuma akwai. Na ji da kunnena, Baba ya faɗa masa.