Gaban Gadon Baba

Ban taɓa mantawa da ranar da muka fara hawa dutsen Jabal Nur ba tare da Baba ba. Watan Zulƙida ne, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya. Lokacin ina aiki gidan wani muɗawwif, wato mai saukar da alhazai yana yi musu jagora, ni ke kai su ziyara.

Baba, Malam Audu, ga-ruwa ne a unguwar Mansur. Amma da zarar an ce wani alhaji ya faɗi a dutse, sai ya ajiye tulu ya ɗauki gadon igiya ya hau, don Allah kawai. Da ya rasu, na roƙi maigidana ya riƙa sakina idan aka yi kira. Ya ce, "Ɗayyib, je ka raya sunan ubanka."

Ran nan da hantsi aka ce wani tsoho ya karye kusa da kogon Hira. Muka hau ni da Haruna, wani zanƙalelen mutum da ya zo ta Sudan, wanda ya daɗe yana kama wa Baba gado. Ba na ƙaunar ganinsa, gaskiya. Baba ya fi hira da shi a kaina.

Ga yadda aikin yake: wajen saukowa, na gaba shi ne a ƙasa, shi ke zaɓen matakala, shi jama'a ke fara gani. Nan ne wurin Baba. Muna ɗora tsohon, na yi wuf na kama gaba.

Haruna ya ce, "Ɗan'uwa, koma baya. Dogo ke gaba."

Na ce, "Gadon ubana ne ko na ubanka?"

Muka ɗaga. Ni gajere ne, ga gangara, sai gadon ya karkace, tsohon ya zamo, ƙafarsa mai karaya ta daki kafaɗata. Ihun da ya yi har yau yana kunnena.

Haruna ya ce, "Halas, ya isa! Yalla, maza mu sauya."

Na koma baya ina cizon leɓe, gado ya daidaita. Muna isowa ƙasa mutanen unguwa suka yi caa a kan Haruna: "Allah ya jiƙan Malam Audu, ya bar magaji!" Wani har da shafa masa kai. Ni, ɗan cikinsa, aka miƙo mini buta in riƙe.

Kun ga, yaran yanzu, aikin ceto ba ruwansa da jini, da tsayinka ake auna maka wuri. Na yi shekaru ina kama baya, ni ke sabunta igiyar gadon duk shekara, ban taɓa ƙin kira ba. Amma kada wani ya ce muku zuciya ta huce. Haruna ya tsufa, ya ranƙwafa har na fi shi tsayi, kuma har gobe magajin Malam Audu ake ce masa.