Man Ƙosai a Injin Goni Fannami

Kyari makanike ne. Rumfarsa tana kan hanyar da ke gangarawa kogin Komadugu daga kasuwar Diffa, kuma duk mai noman tattasai a yankin ya san ta. An haife shi a Baruwa. Ya shigo gari yana saurayi a shekarun 1990, lokacin da injinan ban-ruwa suka fara kwararowa daga Najeriya suna ture jigon ɗiban ruwa. Ya koyi kwance su da ɗaure su, ya yi aure, daga baya ya samu ɗan fili a bakin ruwa da sabon injin gazuwal, wato dizal.

Shi ba ya ba da labarin nan. Daga bakin matarsa Kaltumi na ji shi, da maƙwabcinsa Sharif, mutumin Damagaram mai shagon kayan inji.

Kaltumi ƴar Goni Fannami ce, dattijon malami da ke noma gaba kaɗan da gari. Tsakanin Kyari da surukinsa akwai kunya irin ta mutanen kwarin Komadugu. Gaisuwa daga nesa, a durƙushe, ido a ƙasa. Duk wani saƙo ta bakin Kaltumi yake bi.

A shekarar 2008 gazuwal ya yi tsada, wani lokaci ma a neme shi a rasa. Wani furoje, wato shirin tallafi, ya tara makanikai ya koya musu yadda ake mayar da man gyaɗan da aka gama suya da shi ya zama man inji. A tace shi, a haɗa da soda da wani sinadari da furojen ke bayarwa, a bar shi ya kwanta, a zubar da na ƙasan. Hayaƙinsa ƙanshin suya yake yi, shi ya sa mutane suka sa masa suna man ƙosai. Mai koyarwar ya ja kunne a kan abu ɗaya: man yana wanke dattin da ya daɗe a tankin tsohon inji, ya tura shi cikin filta ya toshe ta. Dole a canza filtar bayan ƴan kwanaki.

Kyari ya haɗa man bido guda, wato jarka, ya ajiye a rumfa. Bai zuba a injinsa ba.

"Sarkin ƙosai, ka yi miya ka ƙi ɗanɗanawa?" in ji Sharif.

"Injina sabo ne, Alhaji."

"To a na wa za ka gwada? Nawa dai kada ka ko kalle shi."

Kyari ya yi dariya. Washegari ya ba Kaltumi bidon ta kai wa mahaifinta. Ta ce abin da ya gaya mata kawai shi ne, "Ki ce wa Baba ga ɗan abin da ya samu, a rage zafin tsada." Maganar filta ba ta fito daga bakinsa ba. Da ya faɗa, da an gane gwaji ne.

Injin Goni ya daɗe yana shan man bakin hanya, tankinsa cike da datti. Ya yi aiki kwanaki kaɗan, ya soma tari, ya mutu. Lokacin kuwa tattasai yana fure, lokacin da ba ya jure ƙishirwa.

Goni ya hana kowa a gidansa faɗa wa Kyari. "A je a ce masa kyautarsa ta kashe inji?" Ya kuma ƙi kiran wani makanike, don makanikan Diffa shayi ɗaya suke sha, kafin la'asar magana ta zagaye gari. Ya sa aka tono masa tsohon jigo daga bayan rumbu, ya kafa a bakin kogi. Da hannunsa yake jan ruwa, guga bayan guga.

Kyari yana bin hanyar gonar Goni a kan babur zuwa filinsa, kuma mutum ne da ke gane kowane inji da ƙararsa. Ya wuce gonar Goni ya ji shiru. Ya sake wucewa ya ji shiru. Bai tsaya ba. Sharif ya ce a makon nan Kyari bai zauna shayi ba ko sau ɗaya, yana ta goge ƙarafan da ba su da datti. A gida yakan tambayi Kaltumi, "Lafiyar gidan Baba?" Ita kuma ta ce lafiya lau, don ita ma an ɓoye mata.

Ranar da ta je gaisuwa ta ga tafin hannun mahaifinta ya tsattsage, ta ga jigo. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba.

"Malam, ka san injin Baba ya tsaya?"

Ya kawar da kai.

"Ka sani ke nan," in ji ta.

Ya ɗauki sabuwar filta ya tafi. Gyaran bai kai tsawon dafa shayi ba, inji ya tashi. Amma furen ya riga ya zube. Fangalin da ke gab da kogi kaɗai ya yi ƴaƴa, sauran gonar ganye ne zalla. A shekarar gidan Goni ba su shanya tattasan da ya cika tabarma biyu ba.

Kyari ya durƙusa daga nesa, yana neman inda zai fara. Goni ya riga shi. "Allah ya yi maka albarka. Man yana da kyau. Injin ne ya tsufa, kamar mai shi."

Da ruwan kogi ya sake zuwa aka yi dashe, Goni ya aiko da bidon a wanke, ya ce a ƙaro. Kyari ya cika shi da gazuwal na gidan mai. Bidon ya dawo ba a taɓa ba, da saƙo ta bakin Kaltumi: wannan ba ya ƙanshi, wancan na bara yake so. Dattijon so yake duk mai wucewa ya ji ƙanshin ƙosai a gonarsa, ya san bai ga laifin surukinsa ba.

Kyari ya haɗa man. Ya fara zubawa a injinsa ya bar shi ya yi aiki, sannan ya ɗauki bidon da kansa ya kai, da filta a aljihu. Haka yake yi kowace shekara, kuma bayan gwajin ba ya tayar da injinsa don ban-ruwa sai ya ji na Goni ya tashi.

Har yau bai nemi gafara ba, don ba a taɓa buɗe masa ƙofar ba. Kaltumi ta ce min, "Da Baba ya zage shi ranar nan, da tuni ya huta."