Alkyabbar da Glafira Ta Hana a Datse

Glafira Matveyevna ba ta taɓa son mawaƙa ba, kuma ba ta ɓoyewa. Tun tana budurwa ta shiga ɗakin ɗinki na gidan opera na garinmu, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, a bakin kogin Volga, a nan kuma ta tsufa. A ganinta mawaƙi abin rataye tufa ne, illa dai shi yana gumi, ga baki.

Ubanta majemi ne, uwarta mai wankau. Ta yi aure, mijin ya tafi yaƙi bai dawo ba, ba ta yi masa dogon kuka ba. Abin da ta ƙwallafa wa rai shi ne wata alkyabba irin ta boyar, manyan fadawan zamanin da, wadda ta ɗinka da hannunta. Jan karammiski ce, an bi gindinta da zaren zinariya, wuyanta fatar dila mai gashi. Hannayenta har ƙasa suke ja, da tsaga a gwiwar hannu ta inda ake fito da hannu, don a san mai ita bai taɓa aikin ƙarfi ba. Ba a wanke ta. Barasa Glafira ke fesa mata ta kashe warin gumi.

Mai sa ta a wasa shi ne Arkadi Fomich, mawaƙi mai babbar murya da babban tumbi. Kullum sai ya taka hannun rigar.

"Glafira Matveyevna, ki datse min hannayen nan. Jiya saura ƙiris in kifa a gaban jama'a."

"Ka rage cin naman alade, Arkadi Fomich, sai ka riƙa ganin ƙafarka."

"Mayya!"

"Buhun dankali."

Ya kai ƙara wurin darakta, aka ba shi gaskiya. Darakta ya ce a gama wasan Asabar, sannan a sa almakashi.

Ranar Asabar, ana hutun tsakiyar wasa, Arkadi ya ɗaga hannu zai gyara hula, sai hammatar rigar ta ɓarke. Babu lokacin tuɓewa, dole a ɗinke ta a jikinsa. To, a garinmu ko ƙaramin yaro ya san ba a yi wa mutum ɗinki a jikinsa sai ya ciji ɗan zare, in ba haka ba, an ɗinke masa ƙwaƙwalwa ke nan. Arkadi kuwa camfi ya yi masa katutu. Ya buɗe baki ya ce, "Zare."

"Babu."

"Ga shi nan a hannunki!"

"Wannan na riga ne. Ɗaga hannu."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya waiwaya ko'ina, babu kowa kusa, sai ya cusa gemun ƙaryar da aka manna masa a baki.

"Gemu dai ba zare ba ne," in ji Glafira, tana soka allura. Ta ƙulle, ta datse zaren da haƙoranta. "Je ka. Allah ya sa ka tuna sunanka."

Ya hau dandamali hankalinsa na kan hammatarsa. Makaɗa suka iso gurbin da zai ɗauka, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Mai tuni da ke ɓoye a gaban dandamali ya yi ta raɗa masa baitin, tsoro ya toshe masa kunne. Daga kujerun sama aka fara yi masa fito da baki, aka bi da dariya. Glafira na bayan labule tana cin baƙin burodinta da kokwamba mai tsami. Ko leƙawa ba ta yi ba.

Ba a sake ba Arkadi wannan matsayi ba. Ya yi ta rantsuwa cewa sammu aka yi masa, darakta ya ce ba ya shari'ar camfi. Maganar datse hannu ta mutu, Glafira ta fara gaida mutane da safe, abin da ba a saba gani ba.

Sai aka kawo sabon mawaƙi daga Sibiriya. Murya kamar tsawa, tsayi bai wuce kafaɗar Glafira ba. Da aka sa masa alkyabbar, rabin zinariyar na sharar ƙasa. Darakta ya ce a rage hannu, a yanke taƙi guda a gindi.

"Ku yanke shi dai, ko ku ƙara masa ƙafa," in ji ta.

Ba wanda ya yi dariya. Aka miƙa wa wata telar aikin, ita kuma aka mayar da ita ɗakin guga, inda ta ƙarasa shekarunta na aiki cikin tururi.

Gida ɗaya suke da Arkadi, na ma'aikatan opera, shi a sama ita a ƙasa. Ranar da aka yanke rigar suka haɗu a matakala, yana riƙe da jakar kabeji.

"Na ji labari, Glafira Matveyevna. Da kin bar ni, hannaye kaɗai za ki rasa."

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Matsa, ka tare hanya."