Ayabar Auta

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma a gidanmu wannan ba abin taƙama ba ne. Inna, wato mahaifiyarmu, Bafulatana ce daga wajen Disina, ta riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni wajen kakata, sai da na isa shiga makaranta na dawo Azare. Idan tana son gaya mini wani abu, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan ya zo ya ci abinci," alhali ina tsaye a gabanta. Na girma, na yi aure, har furfura ta fara fito mini, ban tashi daga "wancan" ba.

Autanmu kuwa sunansa ba ya barin bakinta. Shi ake tambaya ko ya ci, shi ake sa wa albarka da babbar murya. Da mahaifinmu ya rasu, babu wanda ya tsaya shawarar inda za ta zauna, kowa ya san gidan auta za ta koma. Ni ke kai ta asibiti, ni ke aiko da hatsi, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan je in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Na saba da wannan, ko kuma na ɗauka na saba, sai da ayaba ta shigo cikin maganar.

Auta tela ne, ba manomi ba. Wani abokinsa ne daga Gamawa ya kawo masa ɗan ayaba guda, irin wanda ke tsirowa a gindin uwar, shi kuma ya tona rami a bayan ɗakin Inna, inda ruwan wanke-wanke da na alwala ke gangarawa, ya soka shi ya koma kan kekensa. A garinmu, mai wannan rana, kowa ya san ayaba abin lambu ce ko abin kudu. Amma wannan sai ta kama, ta yi tsawo ta wuce katanga, ta baza ganye. Inna ta mayar da tabarmarta ƙarƙashinta. Duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata.

"Kun ga hannun yaron nan?" in ji ta. "Ko taɓarya ya dasa sai ta yi ganye."

Ina durƙushe a wurin take faɗin haka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da ayabar ta nuna aka aiko mana da rabonmu. Na ɓare na ci ina fatan in ji ta da bauri, sai na ji ta zaƙi har cikin kunne. Wallahi zaƙin nan ya fi komai ɓata mini rai. Kishi ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Ba ayabar nake so ba, so nake ko sau ɗaya in ji Inna ta yabi wani abu da hannuna ya yi.

Gidana duk siminti ne, don lokacin da na gina shi gani nake ƙasa a tsakar gida ƙauyanci ne. Na kira magini ya fasa mini wani wuri a jikin katangar yamma, na sayo ɗan ayaba wajen masu sayar da furanni a bakin titi, na dasa. Na zuba masa takin zamani cike da hannu, don ina son ya tarar da na auta cikin gaggawa. Rana ta doke shi ta sama, siminti ya gasa shi ta ƙasa, taki ya ƙone saiwar. Kafin a ce me, ya koma kamar tsumman goge-goge.

Matata ta tsaya a kansa tana danne dariya. "Malam, wai ayaba kake nema, ko wata magana ce daban?"

Na ce ta je ta duba tukunyarta. Labari ya kai gidan auta, don matanmu ba sa ɓoye wa juna komai. Juma'ar da ta biyo baya auta ya rako ni ƙofar gida ya ce, "Yaya, da ka yi magana ai da na ciro maka ɗa guda. Tawa ta yi 'ya'ya har sun yi yawa."

"Wa ya ce maka ayaba nake so? Inuwa nake nema."

Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Abin da ke ƙara ba ni haushi da yaron nan ke nan, ba ya ba mutum dalilin jin haushinsa.

Bayan 'yan kwanaki matar auta ta shigo gidanmu da wani abu a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ɗan ayaba ne, mai kauri a gindi, ganyensa sirara kamar takobi. Ta ce Inna ce ta sa aka ciro, ta ce a kawo wa yara su yi wasa da shi. Yaran da ake magana kuwa, ƙaramarsu ta kusa gama sakandare. Na karɓa, amma ranar kasa zama na yi wuri ɗaya.

Wannan karon na bi maganar matata. Muka zaɓi bayan ɗakin girki, inda rana ba ta daɗewa kuma ruwan wanke-wanke ke bi. Na tona rami har gwiwa, na cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen kashin awaki da toka. Na ɗauke butata daga ƙofar ɗaki na mayar can, duk alwalar da zan yi a gida a gindinta nake yi. Na kewaye ta da zana bayan akuyar maƙwabta ta shigo ta yi mata aski. Da bazara ta yi tsanani famfo ya ɗauke, sai na riƙa tare 'yan garuwa a ƙofar gida, na lulluɓe gindin da busasshen ganye da ƙaiƙayi don kada danshi ya gudu. Matata ta ce ita ko tana amarya ba ta ga irin wannan kulawa ba.

Da ta fara fito da 'ya'ya a gindi sai na ji ba na son taɓa ko ɗaya, amma idan aka bar su duka uwar ba ta yin nono mai kyau. Na bar guda, na cire sauran ina jin ciwon abin. Iskar farkon damina ta yayyaga ganyen, na yi ta zagaya ta kamar mai jinya. Sai wata safiya na ga fure ya leƙo daga tsakiya, ja mai duhu, ya sunkuyo ƙasa. Yana buɗewa ƙananan ayaba suna bayyana jeri-jeri. Da nonon ya yi nauyi na samo gwafa na tokare ta. Duk Juma'a kuma ina satar kallon ta auta ina aunawa da ido, kuma ba son kai ba, tawa ta fi.

Saura Inna ta gani. Ita kuwa ba ta zuwa gidan ɗan fari haka kawai, sai da dalili mai ƙarfi. Allah ya kawo dalilin: babbar 'yata ta haihu, ta dawo gida wankan jego, dole Inna ta zo ganin jariri. Ayabar ta riga ta ƙosa, wasu sun fara yin rawaya, tsuntsaye sun fara kai musu baki. Matata ta yi ta cewa in sare, na ƙi. So nake a gan ta a tsaye.

Auta ne ya kawo ta a kan babur. Ta ga jariri, ta yi addu'a, ta tsokani mai jego. Da azahar ta yi, matata ta ɗauki buta ta ja ta zuwa bayan ɗakin girki, kamar yadda muka shirya. Ni kuma na tsaya kusa ina gyaran zanan da babu abin da ya same shi.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga hannu ta shafa nonon, ta girgiza gwafar ta ji ko ta zauna daidai, ta duba gindin. Sai satar kallonta nake kamar yaro, ni da jika a ɗaki. Sai ta juya ta ƙwala wa auta kira da sunansa.

"Zo ka ga ayabarka. Ashe har a nan ma ta yi albarka."

Auta ya zo, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. "Inna, ai wannan aikin Yaya ne."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta dubi matata ta ce, "A ce wa wancan ya sare ta yau, tsuntsaye suna ɓarna."

Na san al'ada ce. Manya sun sha gaya mini cewa son ɗan fari a ciki yake zama, ba ya fitowa baki, kuma ban ƙaryata su ba. Amma a tsaye a wurin nan, da adda a hannuna, na ji kishin ƙanina kamar yaron da aka hana alewa aka ba wani a gabansa.

Na sare nonon, na ware mafi kyau na sa a buhu don ta tafi da shi. Da za su tafi auta ya ɗauka ya ɗaure a gaban babur. Inna ta hau bayansa, ina jin ta har suka karya kwana tana sa masa albarka saboda kayan da ya ɗauko mata.