Shimfiɗar Inna da Tafkin Kawu

A tasha kowa Ba-Tsayawa yake kiransa, amma mu a gida Kawu ne, yayan mahaifiyata. Da wankin mota ya fara, ya zama yaron mota, daga baya kamfani ya damƙa masa doguwar bas, irin wadda sai an taka matakala kafin a kai kujerar direba. Fasinjoji ne suka laƙaba masa sunan. Idan ya bar tasha ba ya taka birki sai inda kamfani ya ce a tsaya. Mai jin fitsari ya matse, mai jin yunwa ya haɗiye miyau. Bai taɓa makara ba, kuma da wannan yake taƙama.

A hanyar da yake bi akwai wata kwana a gefen tudu. Kawu ya ce da ka karya kwanar za ka hango tafki kwance a ƙasa kamar an goge madubi, ga manyan itatuwa a bakin hanya inda masu ƙananan motoci kan tsaya su ci abinci a inuwa. Tun suna amarci ya yi wa matarsa, wadda muke kira Inna, alkawarin zai kai ta can su wuni.

Inna tela ce. A makon da ya yi alkawarin ta harhaɗa ragowar ƙyallaye ta ɗinka shimfiɗar da za su zauna a kai, daidai mutum biyu. Sai dai Kawu ba ya samun hutu. In ya samu, barci ne. In ya farka, sai ya ce shi ba zai kai matarsa irin wannan wuri a motar haya ba, sai ya sayi tasa. Duk shekarar da ya ɗaga tafiyar, Inna takan ƙara wa shimfiɗar layi guda na ƙyalle, ta ninke ta mayar saman kwaba. Lokacin da na zo zama gidansu don karatun jami'a, shimfiɗar ta isa ta ɗauke rabin unguwa.

Da na gama karatu na samu aiki a wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, sai na riƙa kawo musu kalandarmu, mai hotunan wuraren shaƙatawa na duniya: bakin teku, gindin dutse mai dusar ƙanƙara, gefen kogi da mutane zaune kewaye da kwandon abinci. Kawu yakan sa tabarau ya buɗe shafi-shafi, kowanne ya ce bai kai nasa ba.

"Naka dai a baki yake, Direba," in ji Inna daga kan keken ɗinki. "Waɗannan ko ba komai an ɗauke su hoto."

Ana nan sai Inna ta fara kirana in zura mata zare a allura. Daga baya ta haɗa hannun riga a baibai ba ta lura ba. Likita ya ce ganinta yana raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A lokacin Kawu ya ajiye aiki, motar tasa kuwa bai saya ba. Mutumin da ya rantse sai a tasa, shi ya je da kansa ya aro ƙaramar motar maƙwabci.

Na dafa ƙwai, na cika filas da shayi, Inna ta rungume shimfiɗarta a kujerar gaba. Tun da muka tashi Kawu yake zuba, yana nuna mata inda taya ta taɓa fashe masa, har muka karya kwanar ya tsaya.

Itatuwan suna nan, inuwar ma tana nan. Tafki ne babu. Abin da ke gabanmu tudun ƙasa ne da ya fi mutum tsawo, ƙaya ta lulluɓe shi, ya miƙe har ƙarshen kwanar. Kawu ya yi gaba, ya dawo, ya ce ko ba nan ba ne, alhali ya san nan ne. Yana tsaye wata doguwar bas ta wuce da gudu. Na ga ya ɗaga kai ya bi direban da kallo, can sama a kujerarsa.

"Ashe daga sama nake ganinsa," ya faɗa a hankali.

Duk tsawon shekarun nan bai taɓa sa ƙafa a wurin ba. Masu tsayawa kuwa inuwa ce take tsayar da su. Na tattare zane na hau tudun, ƙaya tana kama ni, na hango ruwan. Bai yi ƙarya ba. Amma gwiwoyin Inna ba za su hau ba, mu kuma ba ma iya ɗaukarta a wannan gangare.

Kawu ya ce gobe-goben nan zai kai ta tasha, ya sa a ba ta kujerar da ke bayan direba.

"Idona yanzu ba ya kama abin da ke gudu," in ji Inna. "Direban zai tsaya mini?"

Kawu ya san ba zai tsaya ba. Direbobin hanyar duk yaransa ne, shi ya koya musu aiki.

Inna ta ce in baza shimfiɗar. Rabinta kawai na warware, ya ishe mu har da ragi. Ta ɓare ƙwai ta miƙa masa, ta ce ya zauna ya ba ta labarin tafkin yadda ya saba, tunda yau dai ga su kusa da shi. Ya fara, ya kai inda yakan ce kamar madubi, sai ya tsaya ya kai ƙwan baki. Muka sha shayinmu muna fuskantar tudun.

Kafin shekara ta zagayo ganin Inna ya ɗauke. An rufe keken ɗinki da wani tsohon zane, shimfiɗar kuma ita ce yanzu a tsakar ɗakinsu, Inna tana shafa layukan tana faɗin rigar wa aka yanko kowane ƙyalle.

Bana ma na kai musu kalanda. Kawu ya sa tabarau ya buɗe har shafin ƙarshe, bai kushe ko ɗaya ba. Sai ya tambaye ni ko masu ɗaukar hotunan nan a ƙasa suke tsayawa su ɗauka. Na ce ina jin haka ne. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya rataye ta a ƙusa.